Ni Na Goge Hoton Innarsu, Amma Ilu Ake Zargi

Assalamu alaikum. Mai kula da wannan shafi, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ka. Don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku kuma masu karatu, na san bakin wasunku a wajen sharhi, ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku fara yanke mini hukunci. Zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni, shawara na zo nema.

Ni mace ce, a Jibiya nake. Gyaran waya da kwamfuta nake yi a wani ɗan shago da Baba ya fitar mini a jikin zauren gidanmu bayan na gama karatu a Katsina. Da na fara, dariya aka yi ta yi mini, wai mace da sukudireba. Abin da ya tsayar da ni da ƙafata shi ne mata. Akwai matar da gara wayarta ta ruɓe a ƙarƙashin katifa da ta miƙa wa namiji ya buɗe ya ga hotunanta ba mayafi. To irin waɗannan ni suke kawo wa, har daga Daddara da Riko ake aiko mini. Ba don na fi mazan kasuwa iyawa ba, wallahi ban fi su ba, don dai an yarda ni mai amana ce. Kuma wannan kalmar ce yau take hana ni cin abinci.

Akwai wata maƙwabciyarmu da na taso ina kira Anti Rakiya. Aure ya kai ta tsallaken iyaka, wajen Maraɗi, kuma a can take sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo na bikin mata zalla, irin su lalle da kamu, wuraren da ba a barin namiji ya shiga da kyamara. Ita ma amana take ci da ita. Ba ta taɓa ɗora hoton kowa a intanet, ko don ajiya, kuma da ta juye aiki cikin babbar kwamfutarta sai ta goge katin kyamarar ta sake amfani da shi. Wato duk abin da ta ɗauka a rayuwarta yana cikin wannan akwatin guda ɗaya. Tana da ƙane, Yaya Ilu, magidanci mai 'ya'ya biyu, da babur yake ɗaukar kaya tsakanin nan da can. Su biyu kaɗai Innarsu ta bari da ta rasu bara.

Ranar nan Anti ta kira ni, ta ce wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar aiki, tun daga nan kwamfutar ta ƙi tashi. Ta ce, “Ɗiyar nan, ordinatar nan ita ce raina. Zan ba Ilu shi kawo maki. Ki fara kwashe mani hotunan kahin ki taɓa komi, kin ji ko?” Na ce, “Haba Anti, kamar yau na fara? Kwantar da hankalinki.” Ku riƙe wannan amsar tawa, don ni kullum sai ta dawo mini.

Da hantsi sai ga Yaya Ilu, an naɗe kwamfutar da bargo an ɗaure a bayan babur, gwiwar hannunsa a ɗaye tana jini. Tun kafin ya kwance igiya ya ce, “Injiniya, ba ni ɓoye maki, na hwaɗi da ita. Wajen yashin nan na bayan duwan, shingen 'yan kwastan, tayar gaba ta zame. Don Allah duba mani, in ce dai ban yi ɓarna ba?” Injiniya yake ce mini tun ina makaranta, don tsokana. Na buɗe murfin na duba, ban da ɗan karce a gefe babu abin da ya same ta. Na ce masa lafiya lau take, ya je ya wanke ciwonsa. Ya yi hamdala ya tafi. Da bakina na ce masa lafiya lau take.

Faifan ajiya biyu na gani a ciki, masu girma ɗaya. Ban tsaya tunani ba na yanke cewa irin yadda aka saba ne, ɗaya na Windo, ɗaya na hotuna. Da na kunna ta, wani baƙin allo ya ɗan gifta da rubutu, na ga kalmar RAID da sifili a gabanta. Na gani, wallahi na gani, kuma an koya mana shi a makaranta. Amma tunda na buɗe shago ban taɓa cin karo da shi ba, sai na bar shi ya wuce kamar sauran rubuce-rubucen da kwamfuta take yi in za ta tashi. Na sa filashina na Windo, na bi matakai har wurin da ake tambayar a wane faifai za a saka. Wurin ya fito fari fat, ko faifai ɗaya bai nuna ba. Na sake kunnawa, na canza wa filashin rami, na cire wayoyin faifan na mayar, shiru. Na duba a waya, na ga masu irin matsalar suna cewa sai an sauko da wata 'yar manhaja an ba Windo kafin ya iya ganin faifan da aka haɗe. Na fara sauko da ita, sabis ya tsaya cak. Na sa layin Nijar, ya ɗan motsa ya sake tsayawa. Ga janareto yana shan mai, ga wata mata zaune tana jiran wayarta tana ta tsaki. Ga kuma abin da ya fi duka, ina so in kira Anti kafin la'asar in ce an gama, ta ce kai, yarinyar nan akwai kai.

Sai na shiga saitin cikin kwamfutar, na kashe wannan RAID ɗin. Ina komawa sai ga faifai biyu sun bayyana. Har tafi na yi, ku ji wauta. Na farkon ya nuna wani girma da ya fi ƙarfinsa, na biyun ya nuna kamar ba komai a kansa. Wannan kaɗai bai isa ya tsayar da mai hankali ba? Ba matar nan ta ce in fara kwashe mata hotuna ba? Me zai ragu a jikina in na rufe shago na jira sabis zuwa gobe? Amma sai na ce wa kaina ai in Windo ya hau zai karanta na biyun. Na goge na farko, na zuba sabon Windo a kansa. Ya hau lafiya, har da 'yar waƙarsa ta buɗewa. Na danna faifai na biyu don in ga hotuna, sai kwamfuta ta ce wannan faifan ba ta san shi ba, ko ina so ta share shi ta shirya mini shi sabo?

A nan na gane ɓarnar da na yi. Karatun da na manta ya dawo mini gaba ɗaya, lokacin da ba shi da amfani. Ga waɗanda ba su sani ba, wanda ya haɗa kwamfutar ya ɗaure faifan biyu ne suka zama ɗaya don ta yi saurin aikin bidiyo. Kowane hoto in ya shigo, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, wannan yanki a faifai na farko, na gaba a na biyu, haka har ƙarshe. Kamar a tsaga zane siri-siri a raba a akwati biyu. Babu hoto ko ɗaya da yake cikakke a faifai guda. Ni kuma na ɗauki akwati ɗaya na zazzage. Na gwada manhajar dawo da abin da aka goge, abin da ta fito da shi ya fi rashinsa ciwo: goshin wata amarya da idonta ɗaya, daga nan zuwa ƙasa toka-toka.

Da yamma Anti ta kira. Na ce mata akwai matsala, faifan ba ya karantuwa. Sai ta ce, “Ilu ya ce mani ya hwaɗi da ita. Hwaɗuwar ce ko?” Jama'a, ban shirya ƙarya ba, Allah shaida. Ita ta miƙo mini ƙofa, ni kuma na shige. Na ce, “Zai iya yiwuwa, Anti.” Ta sake tambaya washegari, na ce da alama. Zuwa ranar da ta tsallako da kanta, “da alama” ta zama “eh, girgizar ce ta kashe faifan.” Har bayani na yi mata, da kalmomin Turanci, yadda allurar ciki take karce faifai in ya bugu. Ban san na iya ƙarya haka ba.

A zaurenmu ta sa aka kira Yaya Ilu. Ni a zatona hotunan bukukuwan mutane da ba ta kai musu ba za ta yi wa kuka, kuma ta yi, don akwai gidajen da har yanzu suke mata sintiri. Ashe akwai wanda ya fi. Ranar sunan 'yar Yaya Ilu ta fari, Anti ta ɗauki Innarsu a bidiyo tana rungume da jaririyar, tana mata waƙa tana sa wa Anti da Yaya Ilu albarka. Shi ne kaɗai wurin da muryar Inna ta rage a duniya, kuma yana cikin wannan kwamfutar. Anti ta dubi Yaya Ilu ta ce, “Sau nawa ni ce maka ka bi titi? Don kar ka tsaya layin duwan ka bi yashi da ita. Ilu, ka sake kashe mani Inna. Kada ka ƙara taka gidana.” Shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, “Ki gahwarce ni, Yaya, laihina ne.” Ina tsaye a bakin ƙofar shago, tsakanina da su bai fi taku kaɗan ba. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, “Ki yi haƙuri Anti, ƙaddara ce.” Ta juyo ta rungume ni ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi iya ƙoƙarina.

Tun daga nan ba ta ɗaukar wayarsa. Matarsa ta je ba da haƙuri, aka bar ta a tsakar gida ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba. Labari ya zaga tasha, masu aiko shi da kaya masu fashewa sun koma ba wasu. Ni kuma kasuwata sai ƙaruwa take, don Anti duk inda ta zauna yabona take yi. Kun ga irin wannan? In mace ta miƙo mini waya ta ce ai ke mai amana ce, ji nake kamar ta watsa mini ruwan zafi. Ina idar da salla in ɗaga hannu, sai in rasa da wane baki zan roƙa.

Na kira wani malaminmu na Katsina, na ce masa wata ƙawata ce abin ya faru da ita. Ya ce a daina kunna kwamfutar nan take, wataƙila ƙwararru a Kano su iya ceto wani abu daga inda sabon Windo bai taka ba, amma babu tabbas, kuma dole a gaya musu ainihin abin da aka yi. Sannan ya ce, “Ki gaya wa ƙawar taki ta ji tsoron Allah ta faɗa wa mai kayan.” Yadda ya ja kalmar ƙawar nan, na san ya gane. Kwamfutar tana nan ƙarƙashin teburina na lulluɓe ta da zane, Anti ta ce ba ta son ganinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro nake ji. In na faɗa, shagon nan ya mutu, don garinmu ba ya riƙe magana. Waɗanda suka ce mace ba za ta iya ba za su samu abin faɗa har jikokinsu. Baba da ya tsaya mini, da wane ido zan kalle shi? Kuma kuskuren gogewar ma mai sauƙi ne, kowa yana yi. Ƙaryar fa? Tsayuwar da na yi ina kallon magidanci yana kuka a kan laifina fa?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya bayan azahar Yaya Ilu ya zo shago. Ya rame. Bai ce mini Injiniya ba, sunana ya kira. Ya ce ya sa babur ɗinsa a kasuwa, ranar Lahadi in an tashi kasuwa zai bi motar Agadas neman aiki, don ba zai iya zama kusa da 'yar uwarsa tana ƙin ganinsa ba. Sannan ya durƙusa, mutumin da ya girme ni, ya ce, “Ƙanwata, ke ɗai Yaya ka jin maganarki yanzu. Ki roƙa mani ita. Ba ni cewa ban yi ba, na yi. Ki dai shaida mata ba da gangan na yi ba, ta yahe mani kahin in tahi. Hanya ce, ban san ko ina dawowa ba.”

Na ce masa to. Ya yi mini godiya har da addu'ar Allah ya ba ni miji nagari.

Yau Juma'a. Lambar Anti tana gabana tun safe, na danna na kashe ban san sau nawa ba. In na roƙa masa gafara a kan abin da bai yi ba, wataƙila ta yafe, ya fasa tafiya, asirina ya rufu, amma zai mutu yana ganin shi ya ɓatar da muryar uwarsa. In kuma na faɗi gaskiya, na san abin da zai same ni. Don Allah 'yan uwa, jibi ne Lahadi. Me zan yi?