Wayar birkin tirela

Salih,

Na tarar kana barci, kuma gara haka, da na tashe ka da mun yi rigima gaban Iya. Jiya a hanyar Managil farantin da ke riƙe da tirela ya ɓalle daga mota. Wayar birkin gaggawa kuwa a jikinsa ka ɗaure ta, sai suka tafi tare. Birki bai kama ba! Tirela ta gangara har bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, dab da mata masu wanki.

A zoben shasin mota ake ɗaure wayar nan. Ka gyara kafin ka loda auduga.

Matarka Ilham na cikin matan, da goyo a bayanta.

Hashim