Gab da Mannewa

Bunkure, Litinin

Aziza ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin ƙasar mutane, yaya ɗakin gwajinmu? Da fatan kina lafiya.

Na iso, na miƙa wa Inna yaron nan don yaye. Ta kwashe shi zuwa ɗakinta, ta ce kar in kuskura ya gan ni sai ya manta da nono. Kin san ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in ɗauke shi a gaban mutane. Ni ma 'yar fari ce, har yau "ke wannan" Inna ke ce mini. Shirin dai in bar shi nan in dawo, don layina na amfani da na'urar gwaji ƙarshen watan nan ne, in ya wuce sai baɗi.

Baba ya tambayi me nake aunawa. Na ce wani abu ne da ake kira girafin, fallen gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Muna matso da shi kusa da ɗan ƙwallon zinariya, mu zuƙe iskar tsakaninsu, amma sararin ba ya natsuwa, ɓari yake, ɓarin nan ke jan su ga juna. Inna ta ce ashe wofi na tafi aunawa, ga mudu a gida! Baba dai ya gane zancen layi. Ya ce ran da aka sako ruwan kanal na noman rani ba ka nan, tumatirinka ne zai faɗa maka.

Ki gaida su Farfesa.
Taki,
Surayya

Bunkure, Alhamis

Aziza,

Sallama da fatan alheri. Yaya aiki?

Wallahi na kasa zama. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, yana kuka ƙirjina na zuba. In fita bakin kanal, in dawo, in tsinci albasar da aka riga aka tsince, in sake fita. Matan gida sai dariya suke, wai boko ya cinye mini kunya. To ya cinye! Ina kewarsa alhali ina jin tarinsa.

Don Allah in za ki gwada fallayen girafin biyun da na bar miki, ki matsa da sannu. Kin san halinki da gaggawa. Jan yana ƙaruwa ne ba sallama, in kika wuce gona da iri fallen zai yi tsalle ya manne, shi ke nan an yi asararsa.

Taki,
Surayya

Bunkure, Lahadi

Aziza ƙawalliya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huce. Na ga saƙonki cewa falle ɗaya ya manne. Ban yi faɗa ba, don ba ni da bakin yi.

Jiya na ce bari in leƙa ta ƙofa kawai, ba zan taɓa shi ba. Yana zaune yana cin ɗanwake da hannu biyu. Na ƙara taku ɗaya. Ya ɗago, ya jefar da kwanon, kafin in ankara yana wuyana, ni kuma ina kiran sunansa da ƙarfi a tsakar gida, surukar yayana na kallo. Sada. Ga shi na rubuta.

Ba zan bar shi ba. Zan zo a kan lokaci, mu biyu. Ki nemo mana mai reno, kuma ki cire hannunki daga fallen da ya rage.

Na zaci Inna za ta cinye ni ɗanya. Sai ta shiga ɗaki ta ɗaure kayansa, har da kuka da daddawa. Da ta miƙo mini ƙullin, ta kau da kai, ta ce, "Riƙe shi da kyau, Surayya."

Aziza, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Taki har kullum,
Surayya