Agogon Davou

Asabar, 8 ga Maris
Na koma filin gudu yau, wata goma sha huɗu bayan aikin da aka yi mini a gwiwa. Shekara tara ina shiga gasar nan mai kashi uku, ninƙaya da keke da gudu, ni kaɗai daga farko har ƙarshe. Yanzu likita ya ce in zaɓi ɗaya.

Abokina Davou ne ya kawo shawara mu shiga mu uku a watan Yuni, kowa da kashinsa. Adisa abokin aikinsa ninƙaya, shi keke, ni gudun kilomita biyar. Da bakina na sa sharaɗi: in ban iya mil ɗaya cikin minti tara da rabi kafin ƙarshen Mayu ba, zan janye. Ba na son a tafi da ni don tausayi.

Davou zai riƙe agogo. Ba na ganin lamba sai da tabarau, kuma ba na gudu da tabarau. Tun Jos muke tare. Ni na je na ɗauko shi a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan da 'yar riga mai shara-shara cikin sanyin Janairu.

Zagaye huɗu, mil ɗaya. Ya kira minti sha ɗaya da daƙiƙa goma. Ban zaci zan kai haka ba.

Talata, 25 ga Maris
Goma da arba'in. Gwiwa ta yi shiru. Na wuni ina kai masu wankin ƙoda asibiti a mota ina dawo da su. Digiri biyu a kimiyyar sinadarai, ga inda suka sauke ni. Amma yau ban ji haushin motar ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Goma cif. Na tsaya shagon Boubacar a titi na 116 sayen gero, na faɗa wa duk wanda ke ciki. Ya ce, Malam Nataniyel, kai da tsufa kun ɓata ke nan? Na ce tun da daɗewa. Shekarata sittin da uku. Ko a aji ban taɓa yin fahariya irin ta yau ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu
'Yata Lea ta kawo mini agogon hannu mai faɗa wa mutum lokacinsa a kunne. Da Turanci ta yi bayanin, kamar kullum. Na ce ina da Davou. Ta ce Davou ba ya zuwa ran Laraba.

Jiya tara da arba'in da biyar. Saura daƙiƙa goma sha biyar.

Laraba, 30 ga Afrilu
Na fita ni kaɗai da agogon. Muryar mace ce. Ta ce sha ɗaya da ashirin. Na sake zagaye huɗu, ta ce sha ɗaya da talatin da ɗaya. Kayan banza.

Alhamis, 1 ga Mayu
Na kai agogon wurin mai gyara a titi na 125. Ya duba, ya ce lafiyarsa lau. Na yi masa lacca kan tauraron ɗan Adam da dogayen gine-gine, yana ta gyaɗa kai. Kunya nake ji yanzu.

Asabar, 3 ga Mayu
Na sa abin a kunne, na ja hula ta rufe shi, ban gaya wa Davou ba. Na gama na huɗu, ya ɗaga hannu yana murmushi: tara da arba'in, Yaya. A kunnena matar ta ce sha ɗaya da goma sha takwas.

Na sha ruwan da ya miƙo mini. Har na yi masa godiya.

Ni da na shekara goma sha biyu ina koya wa ɗalibai su gwada ma'auni kafin su yarda da abin da ya auna.

Litinin, 5 ga Mayu
Lea ta buɗe mini jerin sunayen 'yan gasar a waya. Adisa. Davou. Yacouba, ɗan Nijar ɗin nan mai tasi da ke gudu a layin waje. Sunana ba ya ciki. An yi rajistar ran 6 ga Maris, kwana biyu kafin in taka filin.

Yacouba yana gaishe ni kowace Asabar har da rusunawa. Ya sani ke nan. Adisa ma. Wataƙila har Boubacar, yana auna mini gero yana dariya a ciki.

Lahadi, 11 ga Mayu
Bayan sujada a coci na tare Davou a bakin matakala. Ban ɗaga murya ba, matarsa na kusa.

Bai musa ba. Abin da na riƙe daga maganarsa: Yaya, ranar farko sha uku da biyar ka yi. Na kalli agogo, na kalli fuskarka. Da na faɗa, da ba ka dawo ba, na san ka. Na ce Yacouba fa? Ya ce wurin kawai Yacouba ya riƙe mini, ana iya canja suna har mako biyu kafin gasa. Sai ya ce, na ɗauka kafin Mayu ƙaryar za ta zama gaskiya.

Na ce masa wata biyu ya mai da ni abin kallo. Ƙasar nan ta karɓe mini aji, ta karɓe mini suna, har kan 'yata ta karɓe mini harshe, ban yi kuka ba. Lamba ce kaɗai abin da ban taɓa zaton za ta yi mini ƙarya ba, kuma a hannunsa na ba da ita.

Ya cusa mini wata takarda a aljihun kwat. Ban buɗe ba.

Laraba, 21 ga Mayu
Ban fita ba. Kwana goma ke nan. Davou ya kira ni a waya sau shida.

Asabar, 31 ga Mayu
Wa'adina ya cika. Na fita ni da matar kunne. Sha ɗaya da biyu. Na aika wa Adisa saƙo cewa na janye, daga gasar da ban taɓa shiga ba.

Lahadi, 8 ga Yuni
Ina neman alƙalami a kwat na ci karo da takardar. Rubutunsa, mummuna kamar da. Kowace rana da muka fita, layi biyu: abin da ya kira, da abin da agogo ya nuna. Sha uku da biyar. Sha biyu da hamsin. Sha biyu da ashirin. Haka har sha ɗaya da goma sha takwas. Babu mako ɗaya da ban rage ba.

Wato kusan minti biyu na ci da ƙafata, ban ma sani ba. Ya sace mini wannan ma, murnar ta gaske.

Amma ya rubuta. Me ya sa mai ƙarya zai rubuta?

Lahadi, 22 ga Yuni
Sun yi gasarsu. Ban je ba. Lea ta ce sun zo na sha tara. Ban tambaye ta ba.

Asabar, 5 ga Yuli
Davou yana jingine da shingen fili da na iso. Ba mu gaisa ba. Na ɗaure takalmi, na sa abin a kunne, a gabansa, ba hula.

Zagaye na uku ƙirjina kamar an zuba barkono. Da na tsallake layi sai na ji muryarsa, ba murmushi, ba ɗaga hannu: goma da ashirin da tara. Matar ta ce goma da ashirin da takwas.

Daƙiƙa ɗaya ya ƙara mini. Ban gyara masa ba.

Akwai wata gasa a Satumba, ban ce zan shiga ba. Na dai ce masa Asabar ƙarfe shida, kada ya makara. Batirin agogon nan ba abin dogaro ba ne, shi ke nan dalili.