Kwana Talatin Da Shida Tsakanin Rano Da Kaduna

Zuwa ga Manajan bankin da nake ajiya, da shugabanninsa na manyan ofisoshi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da maigadin ƙofarku wanda yanzu ya san ni fiye da wasu dangina. Ban ambaci sunan bankinku ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Na tambayi masu ajiya a wasu bankunan, sun ce su ma haka ake yi musu, don haka duk manajan da ya karanta ya ɗauka da shi nake.

Sunana Rabi. Shekarata ashirin da uku ina koyarwa a firamare a nan Rano, shekara goma sha ɗaya kuma ina ajiya wurinku. Asusuna irin na ƙananan mutane ne, asusun ajiya mai ɗan littafi. Na rubuto ne a kan wata gona.

Gonar mahaifinmu ce a Unguwar Gai, ta ƙasar Kibiya. Shekara tara da suka wuce, lokacin jinyarsa ta ƙarshe, yayanmu ya jinginar da ita ga maƙwabcinmu Malam Haruna a kan naira dubu tamanin. Tun daga nan shi ke nomanta. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta haura tamanin, kuma duk damina daga ƙofar gida take hango dawar wani a gonar da ta yi shekara arba'in tana kai abinci. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan: a fanso gonar tana da rai.

Bana Allah ya kawo hanya. Masaƙar da marigayi mijina ya yi wa aiki a Kaduna ta biya kuɗin sallamarsa, bayan shekara huɗu muna bibiya. Cek aka ba ni, na naira dubu ɗari da goma sha biyu. 'Ya'yana, da yake sun girma, suka ce a fanshi gonar kakansu da shi.

Akwai abin da ya kamata ka sani, don na lura ba a koyar da shi a makarantar aikin banki. A wajenmu ba a fansar gona duk lokacin da aka ga dama. Da rani ake yi, kafin mai riƙe da ita ya kai taki. Da zarar mangalar taki ta farko ta sauka a gona, magana ta ƙare, sai ya ci takinsa, kuma a unguwarmu damina biyu ake ba mai taki. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, amma babu wanda ke saɓa shi. Ga yadda kuka yi da ni.

Na ɗaya. Ranar wata Litinin na kawo cek ɗin. Akawun da ke kan kanta ya juya shi gaba da baya, ya kira ni Hajiya ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba, ya ce cek ɗin na wani gari ne, sai bayan kwana goma sha biyar. Na ƙirga da yatsuna kamar yadda nake koya wa 'yan aji biyu. Washegari na hau acaɓa zuwa Unguwar Gai, na sami Malam Haruna gaban mai unguwa, na roƙi mako uku, har da rarar kwana shida don kada in yi ƙarya. Ya amince. Ya ce takinsa na jibge a bayan gida, zai jira.

Na biyu. Da kwana goma sha biyar suka cika na dawo, sai aka ce mini ai kwanakin aiki ake nufi. Ranar da na kawo cek ba ta cikin lissafi. Asabar da Lahadi ba sa ciki. Hutun Mauludi ba ya ciki, hutun Ista kwana biyu ba ya ciki. Ban ƙi kowa ya huta ba, ni ma ma'aikaciya ce. Amma kalma ɗaya tak da akawunku ya ƙara ranar farko, da ban je gaban dattawa na yanka wa'adin da ba zan iya cikawa ba. Na karanta littattafai daidai gwargwado, na Hausa da na Turanci da ɗan abin da ya samu na Larabci, ban taɓa cin karo da inda goma sha biyar ta zama ashirin da huɗu ba sai a bankinku.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Ranar ta ashirin da huɗu na sake zuwa. Wata budurwa mai fara'a ta duba, ta tabbatar mini bankin Kaduna ya biya, kuɗin ya iso. Sannan ta ce ba zan taɓa shi ba sai bayan ƙarin kwana biyar na aiki, domin asusuna na ajiya ne, ba irin na 'yan kasuwa ba. Ta ce ma alfarma aka yi mini da aka karɓi cek a irin wannan asusu. Na tambayi me ake bincike a kwana biyar ɗin, tunda kuɗin yana hannunku. Ta ce doka ce daga sama. Na tambayi yadda ake komawa asusun 'yan kasuwa, ta ce sai na kawo mutum biyu masu irinsa su tsaya mini. Ranka ya daɗe, ni malaman firamare na sani da matan da ke soya ƙuli. A ranar kuma, ina zaune a benci, na ga wani ɗan kwangila ya shiga ofishinka da cek a hannu, ya fito da baƙar leda a hammata. Ban san tsakaninku ba, ban kuma ce an yi haram ba. Na dai gane cewa kwanakin nan suna da maganin da ke gajarta su, ba irina ake ba shi ba.

Na huɗu. Da kwana biyar ɗin suka cika, ranar Alhamis, aka ce saura sa hannunka, kai kuma ka tafi taro Kano. Juma'a ba ka dawo ba. Litinin hutun ma'aikata. Sai Talata, kwana na talatin da shida, aka miƙo mini littafina da hatimi. Zuwana shida ke nan, kowanne sai na roƙi wata malama ta riƙe mini aji.

Motar Kaduna da ta tashi da safe tana isa kafin la'asar. Kakana bafatake ne, kuma bisa labarin da yake ba mu, da jaki aka ɗora wa takardar nan, da ya je Kaduna ya dawo, ya huta, ya sake komawa.

Malam Haruna ya jira mako ukun da na roƙa. Na koma da kunya, ya ƙara mini mako guda. Ya sake ƙara kwana huɗu ba tare da na roƙa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabtansa duk sun gama kai taki, wasu har sun yi binne, wato sun shuka kafin ruwa ya sauka. Ya aiko mini cewa in yi masa afuwa, yana da baki goma sha huɗu da zai ciyar, in ya ƙara jira zai rasa gonar ya kuma rasa daminar. Ranar Asabar amalankensa ta shiga gona da taki. Kwana uku tsakaninta da hatiminku.

Wasu sun ba ni shawara in kai shi gaban alƙali, wai yanzu zamanin Shari'a ne, kuma malamai suna da magana a kan cin amfanin jingina. Na ƙi. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya faɗi wa'adinsa a fili, ya cika, ya ƙara mini daga nasa. Ba shi ne ya cuce ni ba.

Na gaji, ranka ya daɗe. Fushin da na yi a kan bencinku ya ƙare a can, abin da ya rage gajiya ce. Ba diyya nake nema ba, don ba ku da damina a taskarku. Abu uku nake roƙo.

Ku riƙa rubuta wa duk mai kawo cek ranar da zai karɓi kuɗinsa, ranar kanta, da sunanta da kwanan watanta, ku kuma faɗa masa da Hausa. Ku bar lissafin kwanakin aiki a tsakaninku.

Ku janye ƙarin kwana biyar ɗin nan daga kan masu asusun ajiya. In kuwa dole ne, ku fito ku faɗi abin da kuɗinmu ke yi muku a cikinsu, tunda ba barci yake yi ba.

In za ka yi tafiya, ka bar wa wani alƙalaminka.

Kuɗin yana nan wurinku. Ba ni da inda zan ɓoye dubu tamanin har damina biyu ba a ci su ba, don haka ku da kuka riƙe shi kwana talatin da shida bisa tilas, yanzu za ku riƙe shi shekara biyu da yardata. Na san wannan ba zai ɓata wa kowa rai a ofishinku ba.

Jiya na je na faɗa wa Inna. Sai ta sa aka sauko da wasu zangarnun dawa daga rufin ɗakinta. Ashe tun da ta ji labarin cek ta aika aka nemo mata irin da mahaifinmu ke shukawa. Ta ce in kai wa Malam Haruna ya shuka a gonar, don iri ba ya jiran shekara biyu, ƙwari za su cinye. Ba ta ce komai a kan kanta ba. Na kai masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama aikinka lafiya. Ranar da za a ba ka kuɗin sallamarka, Allah ya sa ka same shi a lokacin da zai amfane ka, iyayenka suna gani.

Wassalam.

Malama Rabi,
Rano.