Takwas ɗin Falmata

Daren Talata, Maisandari

Barci ya ƙi zuwa. Yau na ba 'yan ajina aiki: a ninka mutanen wani gida sau biyu, a ƙara uku, jimlar ta wuce sha ɗaya amma ba ta kai sha tara ba. Falmata, wadda ita da 'yan gidansu suka gudo daga Konduga, ta warware daidai: sun fi huɗu, ba su kai takwas ba. Sai dai a layin lambobi ta cike da'irar takwas, alamar har da takwas a amsar.

Na ce, "Falmata, takwas ba ta ciki."

Ta ce, "Malam, mu takwas ne har da Baba. Ai ba a kawo gawarsa ba."

Bisa ƙa'ida kuskure ne, na sani. Na ba ta makin. Allah Ya sa lissafinta ne daidai.