Maganin da Ya Fito daga Kwata

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta ce ƙwayoyin cutar da ke huhuna sun daina jin duk wani magani. Shekara tara ina tari. In ba a samu mafita ba, tiyata za a yi a cire ƙasan huhun hagu. Sai ta ce akwai wani gwaji: wasu halittu, ƙanana fiye da ƙwayoyin cutar, waɗanda cin su ne sana'arsu. Shaƙar su ake yi. Na tambayi inda ake samo su. Ta ce, "A ruwan kwata, Mama." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Ruwan kwata! Ga Baban yara shekara ashirin yana yashe magudanan gari, ni kuma ba na barin ya shigo sai ya yi wanka sau biyu a famfon waje. Yaya ce ta fara cewa shi ya kwaso min ciwon nan. Ban taɓa faɗa masa ba. Ban kuma taɓa musa mata ba.

Asabar, 15 ga Maris
Ya raka ni asibiti, ya ce zai iya kawo ruwan. Masu gwajin suka ba shi kwalabe. Yanzu kullum yana dawowa da lissafi: wannan daga bayan kasuwa, wannan daga gindin gada. Ashe ya san kowace kwata da halinta. Ni ban taɓa tambaya ba.

Talata, 8 ga Afrilu
Kwalba goma sha huɗu, babu wadda ta dace. Jini a kaki yau, kaɗan.
Na daure na tambayi likita ko aikinsa ne silar ciwona. Ta duba hoton ƙirjina ta ce a'a, tabon tsoho ne, tun ƙyandar da na yi ina yarinya. Kunya ta rufe ni. Na dawo gida na ce masa kawai an ƙara min awo.

Laraba, 14 ga Mayu
Kwalba ta ashirin da uku ta dace! Sun nuna min farantin gwaji: ƙwayoyina sun lulluɓe shi kamar yanar madara, ga wasu 'yan ramuka tas inda aka cinye su. Na daɗe ina kallo. Me halittun nan suke ci in sun gama? Likita ta ce mutuwa suke yi. Har sun ba ni tausayi.

Litinin, 26 ga Mayu
Na fara shaƙa, bayan an tace an sake tacewa. Ƙaramar na'ura, tana huci. Na sa ran wari, sai ɗanɗanon gishiri kawai. Minti goma sha biyar safe da yamma ina zaune ina tunanin yaƙin da ake yi a ƙirjina ba da saninna ba. Yaya ta ce ita ko a mafarki ba za ta shaƙi kwata ba. Na ce ai ba a gayyace ta ba.

Juma'a, 20 ga Yuni
Na hau matakalar asibiti ban tsaya ba. An ɗage tiyata, za a sake dubawa.
Da yamma na ji shi a famfo, ya zuba ruwa na biyu. Na leƙa na faɗa masa sakamakon. Ya tsaya da soso a hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Tunda ni na jawo miki, gara da ni na nemo."
Ashe shekara tara yana ɗauke da wannan. Ni kuma wata biyu da rabi ina riƙe da amsar.
Na ce, "Ba kai ba ne. Ƙyanda ce." Muryata ba ta fito sosai ba, sai da na maimaita. Ya rufe famfon, ya zauna a kan bokiti da kumfa a wuyansa.
Na kawo tawul. Ba wani abu ba ne, yamma ce ta yi sanyi.