Tattabarun Usta Gabir

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mun kai 'yarmu Basmala asibitin yara, duba asmarta na wata-wata. Sun canja likita, wata Doktora Ibtisam. Yarinya ta hura bututun gwajin numfashi, aka ce iska ba laifi. Na miƙe za mu tafi, sai likitar ta ce da saura. Wai tana barci sosai? Tana gudu da ƙawaye? Ciwon yana sa ta fushi? Ta baje wasu katuna masu fuskoki, daga mai dariya har mai kuka, ta ce ta zaɓa. Na ce, "Doktora, alhamdu lillahi." Ta ce, "Usta Gabir, ba kai na tambaya ba." Wai ingancin rayuwarta suke aunawa. Rayuwa tumatir ce da za a ɗora a sikeli? Ta tambaya ko muna kiwon wani abu a gida, na ce a'a. Saman bene inda tattabaruna suke ai ba gida ba ne. Matata Nagat ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara uku muna zuwa, ba wanda ya taɓa tambayar kiwo. Fikiri na ƙarshen layi yana da 'yar ƙanwa mai shara a asibitin nan. Tun da garkena ya janye masa tattabaru bara yake nemana da sharri. Biri ya yi kama da mutum.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Da la'asar na saki garken. Na yi fito, suka zagaye unguwarmu Imbaba, na kaɗa jan tuta suka dawo ba ko ɗaya da ya ɓace, jagoransu Antar a gaba kamar kullum. Tun kakana akurkin nan yake a saman gidan nan. Na sauko da gashin tattabara a riga, Nagat ta ce, "Abu Basmala, ko wanka ka yi kafin ka ɗauke ta mana." Na ce hayaƙin karan shinkafar da manoma ke ƙonawa ya rufe Alƙahira duka, tsuntsayena kaɗai kika gani?

Asabar, 26 ga Oktoba

Na ce wa Basmala in an sake fito da katunan, ta ɗauki mai dariya, mu ba ma kai ƙarar Allah wurin mutane. Ta ce, "Na sani, Baba. Ita nake ɗauka."

Laraba, 30 ga Oktoba

Abin ya dame ni. Muna cin wake da burodi na tashi na kwaikwayi tafiyar Fikiri, ciki gaba, ƙafa a warwatse. Da can in na yi wannan sai Basmala ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Yau ta datse leɓe, ta tashi ta shige ɗaki. Wa ya zuga min 'ya? Uwarta ta rantse ba ita ba. To saura wa, in ba matar katuna ba?

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Asibiti. Wannan karon likitar ta ce mu iyaye mu jira a waje. Na ce a raina, ga shi nan, za a yi wa yarinya wayo. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, na jingina kamar ina gyara takalmi.

Na ji ta ce, "Yau ma mai dariya kika ɗauka. Yaushe rabonki da yin dariya irin tata?"

Basmala ta ce, "Na daina."

"Don me, 'yata?"

"In na yi dariya tari yake zuwa. In tari ya zo Mama ta ce tattabaru ne, Baba ya yi fushi ya hau sama. In ban yi tari ba, ba wanda zai raba Baba da Antar."

Likitar ta ce, "Wane ne Antar?"

Ashe ba ta ma san da tattabarun ba. Takalmin nan na daɗe ina gyara shi.

Da muka shiga na shirya wa faɗa, ba ta yi ba. Ta ƙara maganin shaƙa na safe da yamma, ta ce, "Usta, wata biyu ba a kwantar da ita ba, gaskiya ne. Amma ta daina gudu, ta daina dariya, shi ya sa. Ƙurar tsuntsu tana tayar da asma. Ban ce ita kaɗai ce ba. Ku gwada ku gani."

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ban je shago ba, gyaran firjin mutane ya jira. Ina jin Basmala a ɗaki tana wasa da 'yar tsana, a hankali, kamar gidan makoki. Shekararta takwas. Ni da nake yabon ta da natsuwa a gaban baƙi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Har yanzu ban yarda cewa babu hannun Fikiri a ciki ba. Yau ya gaishe ni da fara'a fiye da kima.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na kai tattabarun garin Fayyum wurin yayana Shahata. Can sun fi samun sarari, dalilina ke nan, kowa ya tambaya haka zan ce. Na wanke saman bene da kaina, na ƙone tsummokaran. Basmala ta yi kuka ta ce ita ta jawo. Na ce, "Uwata, kin ga alamar Baba yana jin maganar likita? Ni na gaji da hawa bene." La'asar ta yi, ban san inda zan sa hannuna ba. Zuciyata ta yi ciwo, ba sai na ɓoye wa takarda ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Antar ya dawo. Tun daga Fayyum, ɗan banza! Na hau shanya na tarar da shi zaune inda akurkin yake da, yana kallona. Na ɗauko jan tutar in kore shi, na manta ita ce alamar sauka. Ina kaɗawa yana sauka a kaina. Ina "Tafi, Allah ya shirye ka!" yana kafaɗata, silifas ɗaya ya fice, na zauna daɓas cikin bahon wanki.

Sai na ji Basmala daga bakin matakala. Dariya har da buga ƙofa, har da hawaye, irin wadda na manta sautinta. Na zauna cikin ruwan omo ina sauraron ƙirjinta, ina jiran tarin. Nagat ta fito da maganin a hannu, ita ma tana jira. Ya zo sau ɗaya, ƙarami, ta share baki ta ci gaba.

Ban ce likitar ta yi gaskiya ba. Hayaƙin shinkafa ma ya wuce, ga sabon magani.

Gobe zan mai da shi Fayyum. Basmala ta ce in ya sake dawowa kada in kore shi sai na kira ta. Na bar bahon a wurin.